Baƙin maciji a rufin ɗaki: mai idon kyanwa ne ko gamsheƙar kurmi, kuma yaya za a yi da shi?

Shekarar da na fara zama Shagamu don harkar goro, muna da wani sito a bayan gari, katanga ɗaya da gonakin goro da na kwakwar manja. Wani dare bayan sallar isha'i, dattijon da ke yi mana gadi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, fito da tocila, akwai igiyar ƙasa a sama." Bai kama sunansa ba, don manya ba sa kama sunan da dare. Na haska katakon rufi, sai ga shi a miƙe, baƙi wuluk, cikinsa rawaya, tsawonsa ya fi na duk wanda ke tsaye a wurin. Kafin in buɗe baki yaran sito sun ce gamsheƙa ce. Suka rarumi gora da itace, suka kaɗo shi ƙasa, suka gama da shi.

Da gari ya waye dattijon ya kira ni inda aka yar da shi. Ya sa dogon tsinken itace ya buɗe bakin, ya ce, "Alhaji, duba da kyau, ina fiƙar gaba?" Babu ita. Ya nuna mini wuyan, siriri, bai fi kaurin babban yatsa ba, sannan kan, faffaɗa, da manyan idanu da suka firfito. Da aka farka cikin, jemagu biyu aka tarar. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba gamsheƙa ba ce. Jemagun da suka dame mu a kwano ya biyo."

Tun daga ranar nake bin labarin macijin nan, kuma saboda 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai kurmi nake wannan rubutu: na Sabon Ibadan da na Shagamu, na gonakin koko a Ondo, na zangon Kumasi, na kudancin Kamaru. Wanda ya tashi a Arewa ya san kasa, ya san kububuwa, ya san gamsheƙa mai tofi, ya san mesa. Wannan kuwa baƙo ne a idonsa, kuma ranar da zai fara ganinsa galibi cikin dare ne, a saman kansa, zuciya na bugawa. A lokacin ne zai yanke shawara: ya bar shi, ya sa a fitar da shi, ko ya ɗauki sanda.

Masana suna kiransa Toxicodryas blandingii. Wani likita Ba'amurke, Edward Hallowell, shi ya fara siffanta shi a rubuce a 1844, daga wanda aka kai masa daga Laberiya, ya kuma raɗa masa sunan wani likita ɗan ƙasarsu, William Blanding. An daɗe ana lissafa shi cikin dangin Boiga, macizan bishiya na Asiya waɗanda ake yi wa laƙabi da masu idon kyanwa, kafin a ware na Afirka a ba su nasu gidan. Yana nan a dazuzzukan kurmi tun daga Senegal har cikin Kwango. A 2021 ma masana sun sake tsefe dangin, suka ware waɗanda ke can gabas a matsayin wani jinsi dabam. Ni dai mai idon kyanwa zan riƙa ce masa.

Abokiyar kamarsa ita ce gamsheƙar kurmi, wadda aka daɗe da sani da Naja melanoleuca, har a 2018 bincike ya raba ta gida biyar. Wannan rabon aikin masana ne. Ga mai gona, dukkansu abu ɗaya ne: sararsu tana kisa.

Abin da ke jawo ruɗani shi ne namijin mai idon kyanwa. In ya girma baƙi yake zama a sama, rawaya a ƙasa, leɓɓansa rawaya da zane-zanen baƙi. Ita ma gamsheƙar kurmi baƙa ce, ƙirjinta fari-fari ko rawaya, leɓɓanta da zanen baƙi. Tsawo kuma kusan kunnen doki: shi yakan kai mita 2, manya ƙwarai su doshi 2.8, ita ma tana wuce mita 2 da rabi. Dukansu biyu suna hawa bishiya. Wanda ya hango su daga nesa ya ce abu ɗaya ne, ba a ga laifinsa ba. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Macen kuwa ba ta da wannan matsala. Ruwan ƙasa ce, ko toka-toka, ko launin busasshen ganye, da manyan dabbare-dabbare masu duhu a gefen jiki, haka ma 'ya'yan, maza da mata, kafin mazan su rine. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar miji da mata macizai biyu ne da ba su haɗa komai ba.

To ta ina ake rabewa? Ni kai da wuya nake fara duba, kamar yadda dattijon nan ya koya mini. Kan mai idon kyanwa gajere ne mai faɗi, ya fita dabam daga wuya, kamar an ɗora ludayi a kan siririn mariƙi. Kan gamsheƙa kuwa kusan kaurinsu ɗaya da wuyan, ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara sai ka lura. Sai jiki. Gamsheƙa mulmulalliya ce, mai nama, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Shi kuwa duk tsawonsa ba shi da kauri, jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, gadon bayansa ya ɗan yi tudu da jerin manyan ɓawo, wutsiyarsa doguwa siririya, baƙinsa kuma ba mai ƙyalli ba ne, ya fi kama da karammiski. Wannan matsattsen jiki shi ke ba shi damar miƙa rabin kansa a sarari daga reshe zuwa reshe bai lanƙwashe ba.

Maganar ido tana bukatar a tsaya a kanta, don a nan ake yawan yin kuskure. Gaskiya ne ƙwayar idonsa a tsaye take, tsaga siririya kamar ta kyanwa da tsakar rana, ta gamsheƙa kuwa zagayayya ce. Sai dai a cikin duhu tsagar tana buɗewa ta yi faɗi har ta yi kama da zagayayya, sai hasken tocila ya ɗan jima a kanta take tsukewa. Idon baƙin namijin ma duhu ne da shi, ba a ganin tsagar da sauƙi. Kuma duk wanda ya matso har yana iya tantance ƙwayar idon maciji, ya riga ya shiga inda sara za ta same shi. Ga wani abin: kasa da kububuwa su ma tsayayyiyar ƙwayar ido gare su. Wanda ya riƙe "mai idon kyanwa ba ya kisa" ya je ya gwada a kan kububuwa, ya ja wa kansa. Alamar ido tana da amfani ne kawai in ta haɗu da dogon siririn jiki da faffaɗan kai a saman bishiya ko rufi. Abin da ake iya gani daga nesa shi ne girman idon: nasa manya ne, sun firfito, nata madaidaita ne.

Alamar da ta fi kowace fitowa fili ita ce yadda kowanne ke nuna fushi. Gamsheƙa tana miƙewa tsaye ta fasa kai, wuyan ya baje, ta kurmi nata dogo ne ba mai faɗi sosai ba, a ga baƙaƙen layuka a gicciye a ƙirjinta. Mai idon kyanwa ba ya fasa kai. Ja da baya yake yi, ya nannaɗe gaban jikinsa lanƙwasa-lanƙwasa, ya baje muƙamuƙi har kan ya yi kusurwa uku, ya wage baki iya wagewa, cikin bakin ja-ja, ya yi ta kai sara ko da bai kai ga mutum ba. Wallahi abin yana da ban tsoro, ya ma fi na gamsheƙa razanarwa ga wanda bai saba ba, kuma wannan wage bakin ne ke jawo masa mutuwa a hannun mutane. Amma fa a kula, gamsheƙar da ba ta ji an takura mata ba ba ta fasa kai. Rashin fasa kai shi kaɗai ba shaida ba ne.

Rayuwarsu ma ta bambanta, kuma sanin wannan yana taimakawa. Mai idon kyanwa ɗan dare ne. Da rana yana naɗe a kogon bishiya, ko a tsakiyar kan kwakwa, ko tsakanin kwano da silin, sai duhu ya yi ya fito yana bin rassa a hankali, ba gaggawa. Binciken da Luca Luiselli da Godfrey Akani da abokan aikinsu suka yi a kudu maso gabashin Najeriya a shekarun 1990 ya nuna ƙananan sun fi cin ƙadangaru da danginsu, manyan kuma su koma kan tsuntsaye da dabbobi masu gashi. Yana cin hawainiya, da ɓeraye, da ƙwai, da 'yan tsuntsaye a sheƙa, musamman tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa rututu a jikin kwakwa. Jemage kuwa shi ke kawo shi gidajen mutane. Macen tana yin ƙwai 7 zuwa 14. Gamsheƙar kurmi ba ta da lokaci, dare da rana duk tana yawo. Ta fi zama a ƙasa, a suri, a ramuka, a gindin itace, kuma tana son bakin ruwa ƙwarai, ta iya iyo, tana cin kifi da kwaɗi da ɓeraye da ƙwai da sauran macizai. Saboda haka baƙin maciji a bakin rafi da hantsi, zato ya fi karkata ga gamsheƙa. Baƙin maciji a katakon rufin da jemagu suka cika, da tsakar dare, zato ya fi karkata ga mai idon kyanwa. Zato dai na ce, don gamsheƙa ma tana hawa rufi in ta ji ɓera.

Babban bambancin yana cikin baki, wurin da ba wanda ya kamata ya leƙa. Gamsheƙa fiƙoƙi biyu gare ta a gaba, masu rami a ciki kamar allurar asibiti, da jakar dafi mai tsoka da ke matso shi da ƙarfi. Sara ɗaya ta ƙiftawar ido ta isa. Dafinta jijiyoyi yake kamawa: fatar ido ta fara nauyi tana rufewa, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, yawu ya riƙa zuba, daga nan numfashi ya tsaya, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Mai idon kyanwa shi ma yana da dafi, har an gano akwai mai taɓa jijiya a cikinsa, amma haƙoran dafin suna can ƙuryar baki, kuma kwari ne a jikinsu, ba rami ba, dafin yana gangarowa ne a hankali. Sai ya kama ya riƙe yana taunawa kafin wani abin kirki ya shiga. Wannan ya ishe shi kashe tsuntsu ko jemage. A jikin babban mutum, abin da aka fi gani shi ne zafi da kumburi a wurin, kuma ba a san shi da kisan mutane ba.

Kada wannan ya sa a raina duk macijin da haƙoran dafinsa ke baya. Akwai wani macijin bishiya da ake kira bumsilan, yana nan har a dazuzzukan Arewa, ɗan rana ne, gajeren kai, ƙaton ido mai zagayayyar ƙwaya. Shi ma haƙoransa a baya suke. A 1957 wani ƙaraminsa ya sari Karl Schmidt, babban masanin macizai a gidan tarihi na Field da ke Shikago. Ya ɗauka ƙarami ne ba zai yi masa komai ba, bai nemi magani ba, washegari ya rasu saboda zubar jini ta ciki. Haka kuma koren macijin nan mamba da ke kurmin Najeriya da Kamaru da Gana: siriri ne, dogo, ɗan bishiya, amma shi da rana yake yawo, da sauri kamar walƙiya, kansa dogo ne matsattse, dafinsa kuwa ya kai na gamsheƙa ko ya fi saurin aiki. Duk koren maciji mai tsawo a bishiya, a ba shi hanya kawai.

Yanzu sai zaɓin. In a gona ka gan shi, a bishiyar goro ko koko ko kwakwa, ra'ayina a bar shi. Ba ya bin mutum, ba ya saukowa neman faɗa, kuma yana rage ɓerayen da ke ɓarna. Abin da ake bukata shi ne hattara lokacin girbi: a bubbuga reshe da gora kafin a tsaya ƙarƙashinsa, kada a zura hannu a kogon bishiya ko tsakiyar kan kwakwa ba a duba ba. Wannan hattarar ita ce dai za ta kare ka daga gamsheƙa da mamba, ka ga ko ba ka tantance wane ne ba, ba ka yi asara ba.

In a rufin ɗakin kwana ne, maganar ta sauya, kuma a nan ba na goyon bayan masu cewa a ƙyale shi tunda ba ya kisa. Yana da wani ɗan'uwa na nesa, Boiga irregularis, wanda ya shiga tsibirin Guwam a cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye yawancin tsuntsayen dajin tsibirin. A can an samu jarirai da ya sara suna barci, wasu har numfashinsu ya wahala sai da aka kwantar da su asibiti. Jinsin ba ɗaya ba ne, amma darasin a fili yake: dafin da babba zai shanye, jariri ba lalle ya shanye ba. Ɗakin da yara ke kwana ba wurin zaman maciji mai mita 2 ba ne, ko wane iri ne. A fitar da yara, a buɗe masa hanyar fita, a bar wurin, in akwai mai kamun maciji da ya san aikinsa a kira shi. Sau da yawa kafin asuba ya koma bishiyar da ya fito.

Sai dai fitar da shi ba ya magance komai muddin jemagu na nan. Ka kashe wannan, wani zai biyo warin. Maganin shi ne a jira jemagu su fita kiwo da magariba, a toshe kafofin da suke shiga da ragar waya, a sare duk reshen da ya taɓa kwano ko ya yi kusa da shi. A lura kada a toshe lokacin da suke da 'ya'ya a ciki, don za su mutu su cika ɗaki da ɗoyi.

Masu kaji da tantabaru suna da ƙorafi na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Yana shan ƙwai, yana ɗaukar 'yan tsaki da 'yan shila, kuma in ya gane hanya zai dawo. Nan ma ragar waya mai ƙananan idanu a akurki da ɗakin tantabaru ta fi sanda amfani, don tana tare shi, ta tare gamsheƙa, ta tare ɓera.

Kisa fa? Ka auna shi ta fuska biyu. In mai idon kyanwa ne, ka kashe abin da ba zai kashe ka ba, jemagunka da ɓerayenka kuma suna nan. In kuwa gamsheƙa ce, ka ɗauki sanda ka matsa kusa da macijin da ke iya miƙewa ya kai ƙugun mutum, a cikin duhu, a ɗaki mai kaya, ko kuma kana kaɗo ta daga sama ta faɗo a kanka. Ta kurmi ba ta tofi, amma gamsheƙa mai tofi ta bi wuraren da aka sare daji ta shiga kudu, kuma tana feso dafi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Ta kowace fuska sandar ba ta biya ba. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma gudun nan ya fi tsayawa faɗa hikima. In har an riga an kashe, kada a taɓa kan da hannu, don kan maciji yana iya sara bayan an raba shi da jiki. Dattijonmu ma da dogon tsinke ya buɗe bakin, kuma sai da aka kwana.

Inda babu zaɓi ko kaɗan shi ne bayan sara. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce ai na ga wuyansa siriri ne, bari in kwanta zuwa safe. Ganin da aka yi cikin firgici da hasken tocila ba abin jingina rai ba ne. A ɗauka gamsheƙa ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure hannun ko ƙafar da ɗan katako don kada ta riƙa motsi, a ɗauki mutumin a abin hawa, kada ya yi ta tafiya da ƙafa. Ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin igiya tamau, kuma baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci. In ya fara amai ko yawu na zuba, a kwantar da shi ta gefe. In tofi ne a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. In ana iya ɗaukar hoton macijin da waya daga nesa, to, in ba a iya ba kada a tsaya farautarsa.

Akwai abin da ya kamata ɗan Arewa mazaunin kurmi ya sani game da allurar makarin dafi. Wadda aka fi sani a gida, irin wadda ake aiki da ita a asibitin masu sarar maciji na Kaltungo a jihar Gombe, an yi ta ne don macizanmu na Arewa. EchiTAb-Plus, da ake haɗawa a Kosta Rika, da dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi aka yi ta, ba da na gamsheƙar kurmi ko mamba ba. Saboda haka a kudu, tambayar da za ka yi tun kafin rana ta ɓaci ita ce: wane asibiti ne mafi kusa da ke da makarin da ya dace da macizan yankin, kuma yake da na'urar taimaka wa numfashi? Shanyewar da dafin gamsheƙa ke kawowa tana warwarewa in an riƙe wa mutum numfashinsa har dafin ya sake shi.

A sitonmu, cikin makon nan muka sa kafinta ya zagaye bakin kwano da ragar waya, aka sare reshen goron da ya kwanto a kan rufin. Bayan wata biyu ko uku, ina dawowa daga masallaci da dare, dattijon ya yafito ni da hannu zuwa bayan katanga, ya karɓi tocilar ya haska sama. Mace ce, ruwan ƙasa da dabbare-dabbare, ta miƙa kusan rabin jikinta a sarari tana neman reshe na gaba. Hasken ya tsaya a fuskarta, muna kallo ƙwayar idon ta tsuke a hankali har ta zama kamar zare. Ya ce, "Alhaji, ka gan ta? Mu ba ta wuri." Ya kashe tocilar, muka koma ciki.